Amsa: Shirye-shiryen da ke nuna bayan fagen mawaƙan turawa, tonon asiri ne ko talla?

Tambayarka in na fahimce ta daidai ita ce, kana yawan kallon dokumentarin nan da ake sakawa a Netflix da BBC da sauransu akan yadda ake tafiyar da harkar waƙoƙin yayi na turawa, waɗanda suke ce wa pop, amma ka rasa gane ko da gaske asirin harkar ake tona maka ko kuwa talla ce aka sauya mata riga, sannan wanne ya cancanci ka ƙona datarka a kai. To ƙanina gyara zama, amsar tana da ɗan tsawo.

Ni sana'ata tace hoto, edita kenan, na shekara goma sha ina zaune gaban kwamfuta ina yanka hirar mutane ina haɗawa, kuma cikin ayyukan da suka bi ta hannuna akwai na mawaƙa, dan haka in ina kallon irin shirin nan ba kamar kai nake kallo ba, ni idona yana kan inda aka yanke. Kuma abu na farko da zan gaya maka wanda mai kallo bai cika sani ba, kowace waƙa masu ita biyu ne. Akwai mai haƙƙin rubutu da karin waƙar, akwai kuma mai haƙƙin sautin da aka naɗa a situdiyo, wanda 'yan harkar suke ce wa masta, shi wannan yawanci yana hannun kamfani ne ba mawaƙi ba. In zaka saka ko da sakan talatin na waƙa a shirinka sai ka nemi izinin duka biyun ka biya, kuma suna da damar su ce maka a'a ba tare da sun faɗi dalili ba. To kaga shirin mawaƙi ba waƙarsa ai miya ce ba gishiri. Wanda ya riƙe waƙa shi ya riƙe wuyan shirin, duk sauran bayanin da zan maka daga nan ya taso.

Ni kaina ta taɓa faruwa da ni. Mun yi wani ɗan shiri akan wani mawaƙi, a ciki akwai tsohon makaɗinsa da ya zauna ya faɗi yadda aka sallame shi da kuɗin mota bayan waƙar ta karɓu, wallahi wajen nan shi ne ran shirin gaba ɗaya, mutumin yana magana yana murza hularsa a hannu. Da aka kai wa masu haƙƙin waƙoƙin suka gani sai suka ce ko a cire wannan wajen ko a cire waƙoƙin, a zaɓi ɗaya. Ni da hannuna na goge shi. Shirin ya fita, mutane suka yaba, ba wanda ya san an taɓa yin wannan hirar.

In kana ganin wannan ƙaramin abu ne na mu ƙananan 'yan wahala, to dubi abin da ya faru da shirin marigayi Prince, shahararren mawaƙin Amurka. Ezra Edelman, daraktan da ya ci Oscar da shirin da yayi akan O.J. Simpson, ya shafe kusan shekara biyar yana haɗa dokumentari mai tsawon awa tara akan rayuwar Prince wa Netflix. Magada suka kalla suka ce basu yarda ba, akwai abubuwan da ba daidai ba a ciki, kuma su ke riƙe da waƙoƙin da rumbun ajiyar marigayin. A watan Fabrairun 2025 Netflix ta sanar ba zata fitar da shi ba, za a yi wani sabo tare da magadan. Awa tara, an gama, an kulle. Kuma abin dariyar mai kama da kuka, Prince ɗin nan shi ne wanda a shekarun 1990 ya riƙa rubuta kalmar bawa a kumatunsa saboda rigimarsa da kamfanin Warner akan wa ya mallaki waƙoƙinsa, har ya ajiye sunansa a 1993 ya koma amfani da wata alama.

Dan haka mafi yawan waɗanda kake gani masu kyan hoto, tauraruwa tana zaune a ƙasa ba kwalliya tana share hawaye, ita ko kamfaninta ne suka shirya abinsu. Homecoming na Beyoncé da ya fita a 2019, ita ce darakta ita ce furodusa. Na Blackpink, ƙungiyar 'yan matan Koriya, da Netflix ta saka a 2020, da yardar kamfaninsu aka shiga ko'ina aka ɗauka. Ban ce ƙarya suke ba fa, kar ka fahimce ni a baibai. Wahalar atisaye da kake gani gaskiya ce, watanni ana maimaita rawa ɗaya har ƙafa ta kumbura, 'yan matan Koriya da suka shekara huɗu zuwa shida a gidan horo kafin a bari su fito ko sau ɗaya, duk wannan haka yake. Amma ka lura da irin matsalar da ake yarda a nuna maka: gajiya, kaɗaici, zagin 'yan soshiyal midiya, kewar gida. Duk matsaloli ne da suke ƙara maka tausayinta ka ƙara sonta ka ƙara sauraron waƙar. Baza ka taɓa ganin an ajiye takardar kwantiragi a tebur an ce ga kason kamfani ga nata ba. Kuma hawayen nan, bari in gaya maka sirrin ɗakin tacewa, ina iya ɗauko fuskar mutum lokacin da yayi shiru yana jiran a gyara fitila, in manna ta bayan wata tambaya mai nauyi, in sa ɗan kiɗan fiyano a ƙasa, kai ka rantse tambayar ce ta karya masa zuciya. Duk inda kaji murya tana tafiya amma an ɗauke hoton mai maganar an nuna maka titi ko taga ko hannunsa, to akwai yiwuwar jimla biyu ko uku aka ɗinke a wajen.

Yanzu inda nake so ka tsaya sosai shi ne lissafi, dan a nan ainihin bayan fagen yake, ba a ɗakin kwalliya ba. A duk shirye-shiryen nan da na kalla ban ga minti biyu masu amfani kamar waɗanda Lisa Lopes ta ƙungiyar TLC tayi a shirin Behind the Music na tashar VH1 ba. TLC 'yan mata uku ne daga Atlanta, kundinsu na 1994 ya sayar da kwafi sama da miliyan goma, amma a 1995 suka je kotu suka ayyana karayar arziki, mutane suka ce almubazzaranci ne kawai. Sai ta zauna gaban kyamara ta warware lissafin kamar mai koyar da 'yan firamare. Kowane faifai an kasa shi maki ɗari, su TLC nasu bakwai ne, kowane maki santi takwas, kenan duk faifan da aka sayar santi 56 ne nasu. Sau miliyan goma ya zama dala miliyan 5.6, kaji kamar kuɗi ko? To kamfani zai fara cire abin da ya kashe wajen naɗar kundin da bidiyoyi, wajen miliyan uku, kuma daga cikin kason su yake cirewa ba daga nasa ba. Abin da ya rage haraji ya cinye kusan rabi, sannan a raba uku, ga manaja ga lauya ga akanta kowa na jiran nasa.

Wannan wajen na cewa daga kasonsu ake cirewa, ka maimaita karanta shi, dan shi ne ƙashin bayan harkar. Kuɗin kafin alƙalami da kake ji an ce an ba wane miliyan kaza da ya sa hannu, ba kyauta bane, bashi ne. Da shi zaka biya situdiyo da furodusa, wani lokacin har motar da aka ɗauko ka da otal ɗin da aka sauke ka duk ana rubutawa. Sai an gama fanshe bashin nan daga ɗan kasonka kafin ka ga sisi, kuma bayan ka gama biya, mastan da aka naɗa da kuɗin da kai ka biya ba naka bane, na kamfani ne. Kamar a ranta maka kuɗi ka gina gida, ka biya bashin tas daga kuɗin haya, sannan a ce takardar gidan tana hannun wanda ya ranta maka. Shi yasa Taylor Swift da duk ƙarfinta, a 2019 aka sayar da kamfanin da ke riƙe da kundayenta shida na farko ga wani manajan mawaƙa mai suna Scooter Braun akan kimanin dala miliyan 300, ba yadda ta iya, sai dai ta koma situdiyo ta riƙa sake rera tsoffin waƙoƙin daga farko tunda ita ta rubuta su tana da wancan haƙƙin na ɗaya. Sai a 2025 ta iya sayen kayanta da kuɗinta.

In kana son ganin wannan tsarin a mafi muninsa nemi labarin Lou Pearlman, an yi shiri biyu a kansa, ɗaya a YouTube a 2019 mai suna The Boy Band Con wanda Lance Bass na NSYNC yana cikin waɗanda suka shirya, ɗaya kuma Dirty Pop a Netflix a 2024. Mutumin nan a Orlando ya tara samari ya kafa Backstreet Boys a 1993, da yaga ta karɓu sai ya kafa musu kishiya da kansa, NSYNC, dan kar wani ya riga shi. Shi ne manaja, shi ne kamfani, sannan ya rubuta kansa a takarda a matsayin ɗan ƙungiya na shida, ta ko'ina yana yanka. Lance ya bada labarin ranar da aka tara su cin abinci da iyayensu za a basu cakin farko bayan shekaru suna cika filaye, ya buɗe ambulan ya tarar da dala dubu goma. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Daga baya ta bayyana Pearlman yana tafiyar da damfarar zuba jari ta sama da dala miliyan 300, aka kamo shi a Indonesiya a 2007, aka yanke masa shekara 25 a 2008, ya mutu a tsare a 2016. Amma ka lura da abu ɗaya, ba dan ya cuci yaran aka ɗaure shi ba, dan ya cuci masu zuba jari da bankuna ne.

Waɗanda ni na fi so kuma, kuma su na fi yarda da su, su ne na mutanen da ba a san fuskarsu ba, dan su basu da wani suna da suke karewa. 20 Feet from Stardom na 2013 akan 'yan amshi yake, ya ci Oscar. A ciki akwai Darlene Love, wadda ta rera waƙar da ta kai lamba ɗaya a Amurka a 1962 amma furodusa Phil Spector ya fitar da ita da sunan wata ƙungiya daban, the Crystals. Matar nan ta kai matsayin da take aikatau a gidajen masu kuɗi, wata rana tana cikin goge-goge taji muryarta tana tashi a rediyon gidan. Akwai The Wrecking Crew akan makaɗan haya na Los Angeles, waɗanda su suka kaɗa kiɗan da ke cikin faya-fayan manyan ƙungiyoyi na shekarun 1960 ba tare da an rubuta sunansu a bango ba, da wani makamancinsa akan makaɗan kamfanin waƙa na Motown da ke Detroit. Shi mai Motown ɗin, Berry Gordy, ya taɓa aiki a masana'antar haɗa motoci, kuma bai ɓoye ba cewa tsarin can ya kwaso, yaro ya shigo ta wannan ƙofa ɗanye ya fita ta waccan tauraro, akwai mai rubuta masa waƙa, mai koya masa rawa, har da mai koya masa yadda ake tafiya da gaisawa.

Sai Milli Vanilli, shirin ya fita a 2023. Samari biyu kyawawa masu iya rawa, Rob da Fab, furodusan Jamus Frank Farian ya ɗora su a gaba, wasu daban suka rera waƙoƙin su kuma suna mamin, wato motsa baki kawai. Suka ci Grammy a 1990, kafin shekarar ta ƙare Farian da kansa ya fasa ƙwai aka ƙwace kyautar, duniya ta yi musu ca, Rob ya mutu a 1998. Farian kuwa ya ci gaba da harkarsa har ya rasu a 2024, kuma ba ranar ya fara ba, Boney M da iyayenmu suka sha rawa da ita, muryar namijin da kake ji a faifai ta Farian ce ba ta mai rawar ba. Mu da muka tashi da fim ɗin Indiya da na Hausa mamin ba baƙon abu bane a wajenmu, kowa ya san jaruma baki take motsawa wata ce ta rera, bambancin kawai mu ba a ɓoye mana ba, su kuma an sayar musu da sunan muryar yaran ce.

This Is Pop na Netflix na 2021 kashi takwas ne, ba duka ne suka yi min ba, amma ka kalli biyu. Na Suwidin, inda zaka ga yadda wani ƙaramin situdiyo a Stockholm mai suna Cheiron ya riƙa ƙera wa Amurka waƙoƙi, daga nan Max Martin ya fito, mutumin da ya rubuta waƙoƙi sama da ashirin da suka kai lamba ɗaya, na NSYNC da Britney Spears da Katy Perry da Taylor Swift da The Weeknd, amma zai wuce ka a titi baka san shi ba. Waƙar da ta fito da Britney a 1998 ma TLC aka fara kai wa suka ƙi. Sai na Auto-Tune, manhajar nan ta gyaran murya da duk situdiyon Kano da Kaduna ake ji da ita, wanda ya ƙirƙiro ta a 1997, Andy Hildebrand, injiniya ne da yayi aikin binciken man fetur da sauti a ƙarƙashin ƙasa.

Sauran kuma su ne na 'yan jarida, waɗanda ake yi ba da izinin kowa ba, su ne suke iya girgiza abu. Framing Britney Spears da jaridar New York Times ta shirya ya fita a Fabrairun 2021, lokacin tana shekara ta goma sha uku ƙarƙashin umarnin kotu da ya damƙa dukiyarta da lamuranta a hannun mahaifinta da wasu, ta sha cika dandali a Las Vegas amma bata da ikon kuɗinta. Zuwa Nuwamban shekarar kotu ta soke umarnin. Na BBC akan Johnny Kitagawa na Japan ya ma fi wannan, mutumin da ya mamaye harkar ƙungiyoyin samari a ƙasar shekaru da dama yana lalata da yaran da ke ƙarƙashinsa. Wata mujalla ta fallasa tun 1999, kotu ta gaskata ainihin zargin a 2003, amma gidajen talbijin na Japan suka yi gum dan kowa yana buƙatar taurarinsa a shirinsa. Ya mutu a 2019 ana yabonsa. Sai da BBC, wadda bata cin abinci a hannun kamfanin, ta saki shirin a Maris 2023, sannan zuwa Satumba kamfanin ya amsa laifi, ɗaruruwan mutane suka fito.

Amma su ma kar ka haɗiye su ba tauna. Na ɗaya, kullum a makare suke zuwa, sai mutum ya mutu ko ƙarfinsa ya ƙare. Na biyu, labari yana son mugu guda ɗaya mai fuska, Pearlman ko Farian ko uban Britney, sai ka tashi kana jin an kama ɓarawo shikenan, alhali lauyoyin da suka rubuta takardun da kamfanonin da suka ci ribar suna nan, kuma takardar da yaro zai sa wa hannu gobe bata canza sosai ba. Na uku, su ma kasuwa suke ci da hawayen mutum. Britney da kanta ta rubuta cewa abin da ta gani na shirin ya kunyata ta, ta yi sati biyu tana kuka, kuma shirin da aka ce dan ita aka yi kenan.

Abin da kusan dukkansu suke tsallakewa shi ne yadda waƙa take shiga kunnenka tun farko, dan ba shi da daɗin kallo, ba wanda zai zauna awa guda yana kallon mutane suna aika imel. Kamfanoni uku, Universal da Sony da Warner, su ke riƙe da mafi yawan kasuwar duniya. A 2005 sai da Sony BMG ta biya dala miliyan 10 a jihar New York bayan binciken babban lauyan jihar Eliot Spitzer akan bai wa 'yan rediyo na goro dan su riƙa saka waƙoƙinta. Yau kuma kokawar ta koma kan jerin waƙoƙin Spotify da TikTok. A Koriya ta Kudu sai da mutum uku daga ƙungiyar TVXQ suka kai kamfaninsu kotu a 2009 akan kwantiragin shekara 13, a shekarar ne hukuma ta fitar da tsarin da ya taƙaita shi zuwa bakwai, wannan bazaka ji shi a shirin da kamfani ya ɗauki nauyi ba.

Na gida kuma in kana so, akwai Afrobeats: The Backstory na Ayo Shonaiya da ya hau Netflix a 2022, yana da tsoffin hotuna masu daraja dan mutumin yana cikin harkar tun farko da kyamararsa, sai dai ka riƙe a ranka ɗan gida ne yake bada labarin abokansa. Rigimar masta da suna kuwa ba sai ka je Amurka ba, ka tuna dalilin da yasa Kiss Daniel ya koma Kizz Daniel bayan rabuwarsa da kamfaninsa na farko.

Dan haka ga abin da nake yi, kaima ka gwada. Kafin in kalli shiri nakan ja shi zuwa ƙarshe in karanta sunayen nan da suke tafiya sama waɗanda kowa yake tsallakewa. In naga sunan mawaƙin ko manajansa ko kamfaninsa cikin manyan furodusoshi, to na san zan ga kwalliya da atisaye, sai in kalla dan nishaɗi. In kuma naji shirin yana ta kewaye-kewaye ba a saka manyan waƙoƙin mutumin ba sai guntu-guntu daga tsoffin labarai, to alama ce ba a basu izini ba, kuma yawanci akwai dalilin da yasa aka hana su. Tunda ka ce datarka a ƙirge take, fara da guntun bidiyon lissafin Lisa Lopes, yana YouTube bai fi 'yan mintuna ba, sannan na 'yan amshin, sannan na Pearlman na 2019. Na BBC akan Japan ka bar shi sai ranar da zuciyarka take da ƙwari, kuma kar ka kalla yara suna kusa.